Rasidin Kotu: 'Yar Takardar Da Kan Kayar Da Mai Gaskiya Tun Ba A Saurare Shi Ba

Wanda duk ya taɓa shiga harabar Babbar Kotun Jihar Filato da ke Jos da hantsi, zai tarar da jama'a sun kasu biyu. Kashi ɗaya suna cikin zauren shari'a, sun yi tsit, suna sauraron lauyoyi masu baƙaƙen riguna suna kai gwauro suna kai mari. Kashi na biyu kuwa suna tsaye a ofishin rajistara, kowa da takardunsa a hannu, ana lissafa musu abin da za su biya. Baƙo zai ɗauka cewa a zaure ake yin shari'a, ofishin rajistara kuwa wurin 'yan cike-cike ne kurum. Alhali kuwa akwai ƙararraki da yawa a ƙasar nan waɗanda a wannan ofis aka ci su, ko kuma aka kayar da su, tun alƙali bai ji ko kalma ɗaya daga bakin masu su ba.

Abin da ke jawo haka shi ne kuɗin shigar da ƙara. Dokokin kotu sun ce duk takardar da mutum zai gabatar a shari'ar da ba ta laifi ba, watau irin ta bashi, ko fili, ko kwangila, ko neman diyya, sai rajistara ya duba ta ya yanka mata kuɗi, a biya, a ba da rasidi, sa'an nan a buga mata hatimi. A nan ne doka ke ganin an shigar da ita. Takardar da ba ta bi ta wannan hanya ba, ko da tana cikin fayil a gaban alƙali, ko da ya karanta ta daga farko har ƙarshe, a idon doka tamkar babu ita ne.

ABIN DA YA FARU A JOS

Ɗaya daga cikin shari'o'in da lauyoyin Nijeriya suka fi kafa hujja da su a kan wannan al'amari, a Jos ta samo asali. Wani kamfani mai suna Quorum Consortium ne ya kai Hukumar Sufuri ta Jihar Abiya da wasu ƙara a Babbar Kotun Jihar Filato, yana neman a biya shi kuɗin da ya ce yana bin su. Ya bi ta wata gajeruwar hanya da dokokin kotu suka tanada domin bashin da ake ganin ba shi da gardama.

Ga yadda hanyar take. Mai ƙara zai yi rantsuwa a rubuce cewa ga adadin kuɗin da yake bi, kuma a saninsa wanda yake ƙara ba shi da wata kariya. Idan alƙali ya gamsu, sai ya sa ƙarar cikin jeri na musamman, ya tsai da rana. Wanda ake ƙara kuwa, in yana da ta cewa, wajibi ne ya shigar da takardar sanarwa cewa zai kare kansa, haɗe da tasa rantsuwar mai bayyana hujjarsa, kafin ranar ta zo. In bai yi haka ba, ranar da aka zauna sai a yanke hukunci kawai, ba kiran shaidu, ba doguwar magana. An yi wannan tsari ne don kada mai cin bashi ya riƙa jan mai kuɗi shekara da shekaru a kan abin da kowa ya san gaskiyarsa.

To, waɗanda ake ƙara sun kawo takardunsu na ƙalubalantar ƙarar, amma ba a biya kuɗin shigar da su ba. Kotun Jos ba ta ɗauke su a bakin komai ba, ta ba kamfanin gaskiya. Suka garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara, reshenta na Jos, ba su yi nasara ba. Suka wuce Kotun Ƙoli a Abuja, ita ma a shekarar 2009 ta kori ƙarar da suka ɗaukaka, ta kuma jaddada cewa biyan kuɗin da aka ƙayyade sharaɗi ne da ke gaba da ingancin kowace takarda.

Abin lura a nan shi ne wanda abin ya faɗa wa. Hukuma ce ta gwamnatin jiha guda, mai lauyoyi da akawuna da baitulmali a bayanta. Kuɗin da ba a biya ba, in aka gwada shi da abin da aka kashe wajen zirga-zirga tsakanin Umuahiya da Jos da Abuja cikin shekarun da aka yi ana ɗaukaka ƙara, bai taka kara ya karya ba. In kuwa haka ta sami mai gwamnati a bayansa, sai a auna halin mai sayar da katako a kasuwar Katako, ko dillalin tumatir a Farin Gada, wanda bai taɓa jin cewa akwai wata doka irin wannan ba.

TUSHEN DOKAR

Lauyoyi kan mai da maganar zuwa ga wani hukunci na shekarar 1962, shari'ar Madukolu da Nkemdilim, inda babbar kotun ƙasa ta wancan zamani ta shimfiɗa sharuɗɗan da sai sun cika kotu ke da hurumin sauraron ƙara. Ɗaya daga ciki shi ne a kawo ƙarar ta hanyar da doka ta tsara, bayan an cika duk wani sharaɗi da ya kamata a cika tukuna. Hurumi kuwa shi ne ginshiƙin shari'a. Kotun da ba ta da shi, kome kyawun aikin da ta yi, kome adalcin hukuncinta, aikin banza ne, kuma ana iya tayar da maganarsa a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne bayan shekara 15.

A shekarar 1996 Kotun Ƙoli ta ɗora kuɗin shigar da ƙara a kan wannan ginshiƙi, cikin wata shari'ar fili daga Jihar Anambra, wadda aka sani da shari'ar Onwugbufor da Okoye. Masu ƙara sun biya kuɗi tun farko, ba su yi wasa ba. Daga baya ne suka gyara takardarsu suka ƙara wata sabuwar buƙata, cewa a karɓe filin daga hannun waɗanda ke zaune a kansa, amma ba a biya kuɗin wannan ƙari ba. Mai Shari'a Anthony Iguh, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya nuna cewa nauyi ne a kan mai ƙara ya biya kuɗin kowace buƙata da ya nema, ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ba a biya wa ba, ba ta gaban kotu balle a biya wa mai ita bukatarsa. Haka aka sake yi a 2004 cikin shari'ar Okolo da Bankin Union, inda Mai Shari'a Niki Tobi ya bi wannan sawu, aka zubar da buƙatun da aka ƙara ba tare da biya ba.

Nan ne tarkon yake, domin ba kasafai ake samun wanda ya je kotu da sabuwar ƙara aka karɓa kyauta ba. Rajistara ba zai ma buɗe fayil ba. Yawanci ɓarnar a tsakiyar shari'a take shigowa. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya ba da dankalin Turawa bashi, lodi bayan lodi daga Bokkos, ya kai ƙara yana neman Naira miliyan 2. Ana cikin shari'a sai ya binciko littafinsa ya ga ashe akwai wani lodi da bai sa ba, lauyansa ya roƙi kotu ta yarda a gyara takarda a mai da kuɗin miliyan 3, alƙali ya yarda. Kowa ya tashi yana murna. Amma da yake a kotuna da yawa kuɗin shigar da ƙara yana hawa ne gwargwadon abin da ake nema, sai an koma wurin rajistara ya sake lissafi an cika. In aka manta, lauyan ɗaya ɓangaren ba zai tuna musu ba. Zai yi shiru ya adana abin a aljihu, sai ranar da aka kayar da shi ya fito da shi a kotun gaba.

Haka kuma yake ga wanda aka kai ƙara, shi ma ya ce ai shi ke bin mai ƙarar. Wannan da'awa tasa a doka ƙara ce mai zaman kanta, da nata kuɗin dabam, ko da a takarda ɗaya aka rubuta ta da amsar da ya bayar.

IN LAIFIN AKAWU NE FA?

A kan irin wannan da'awa ce Kotun Ƙoli ta sassauta, kuma cikin shekarar nan ta 2009 da ta yanke hukuncin shari'ar Jos. A shari'ar Akpaji da Udemba, wanda ake ƙara ya kai takardarsa ofishin rajistara, aka yanka masa kuɗi, ya biya abin da aka ce ya biya. Ashe ma'aikacin bai lissafa da kuɗin da'awar da ke cikin takardar ba. Da aka nemi a rushe hukuncin saboda haka, Kotun Ƙoli ta ƙi. Mai Shari'a Ikechi Ogbuagu ya bayyana cewa yanka kuɗi aikin rajistara ne, mai shari'a ba shi ke yanka wa kansa ba, saboda haka ba a ɗora wa mutum laifin ma'aikacin kotu. Maganin abin shi ne a umarce shi ya cika abin da ya rage, shari'a ta tsaya da ƙafarta.

Watau dai doka ta raba tsakanin mutum biyu: wanda bai biya kome ba, da wanda ya biya abin da aka yanka masa amma ya kasa. Na farko takardarsa matacciya ce. Na biyu tasa tana da rauni ne kawai, ana iya yi mata magani. Wannan rarrabewa ta ceci ƙararraki masu yawa, kuma duk mai hankali zai yaba mata. Sai dai ba ta kashe gardamar ba, don har yanzu lauyoyi kan ɗauko hukuncin 1996 da na 2004 su jefi abokin hamayya, shi kuma ya kare kansa da na Akpaji, a ɓata wata da watanni ana muhawara a kan rasidi, ainihin bashin ko filin da ya kawo mutane kotu yana ajiye a gefe.

Kuma fa sassaucin yana da sharaɗi: sai mutum ya iya nuna cewa ya kai takardarsa an yanka, ya kuma biya. Shaidar haka ita ce rasidi da hatimin da ke jikin takardar. A nan ne wata mummunar ɗabi'a ke cutar mutane. Sau da yawa mai ƙara kan damƙa kuɗi dunƙule ga yaron lauya, ko ga wani ɗan-na-iya da ke shawagi a bakin kotu, ya ce a je a gama kome. Bai tambayi nawa ne na lauya, nawa ne na kotu, nawa ne na kai sammaci ba, kuma yana jin nauyin ya ce a nuna masa rasidi, kada a ce bai yarda da mutane ba. Mutumin da ba zai sayi buhun masara bai soka hannu ya duba ƙwayar ba, shi ne zai ba da kuɗin shari'ar gidan da ya gada bai nemi shaida ba. Ranar da magana ta tashi, alƙali ba zai tambayi wa aka ba kuɗin a bakin ƙofa ba. Fayil zai buɗa.

SOKEWA DA KORA

Jama'a kan ce "an kori ƙarar" ga kowace irin faɗuwa, amma wajen masana shari'a akwai bambanci mai girma. Korar ƙara ta sosai ita ce wadda aka saurari hujjoji aka ga mai ƙara ba shi da gaskiya. Wannan ba ya sake dawowa da ita, sai dai ya ɗaukaka. Ƙarar da ta faɗi don rashin biyan kuɗi kuwa, galibi soke ta ake yi daga jerin ƙararraki, don kotun da ba ta da hurumi ba ta da ikon cewa wane ne mai gaskiya. Mai ita yana iya komawa ya biya, ya shigar da ita sabuwa.

Jin haka sai a ce abin da sauƙi. Ina sauƙi ga wanda ya yi shekara 6 yana hawa mota daga Mangu ko Shendam zuwa zaman kotu, aka ce ya koma farko? Shaidunsa wani ya mutu, wani ya ƙaura, wani ya gaji. A Jos musamman, inda gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002 da rikice-rikicen da aka yi fama da su tun daga 2001 suka cinye takardun mutane da yawa, suka kuma watsa maƙwabtan da suka san iyakar fili da asalin ciniki, shaidar da aka samu aka gabatar sau ɗaya ba lalle a sake samunta ba.

Ga kuma dokar ƙayyade lokaci. A Jihar Filato, dokar 1988 ta ba mai neman haƙƙinsa na kwangila shekara 5, mai neman fili shekara 10, in suka wuce ƙofa ta rufe. Wasu ƙararrakin da ake kai ma'aikatan gwamnati a kan aikinsu wata 3 kacal doka ta ba su. Ƙarar zaɓe kuwa kwana 21 ne daga ranar da aka bayyana sakamako, ba a ƙara ko yini ɗaya. Gaskiya ne a 2018, cikin shari'ar kamfanin Sifax da na Migfo, Kotun Ƙoli ta ce lokacin da ƙara ta yi tana gaban kotu kafin a soke ta ba a lissafa shi a kan mai ita. Wannan rangwame ne babba, amma kafin mutum ya ci moriyarsa sai ya sake ɗaukar lauya, ya sake biya, ya kuma sake jure wata muhawarar.

ME YA SA AKE KARƁAR KUƊIN?

Karɓar kuɗi a wurin shari'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A kotunan alƙalai na zamanin En'e ana biyan kuɗin sammaci, ana kuma fitar da ushira, watau kashi ɗaya cikin goma, a shari'ar dukiya, kuɗin su shiga baitulmali. Da aka karɓe kotunan daga hannun En'e a 1968 aka mai da su Kotunan Yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, kuɗin ya koma asusun gwamnati. Har yau ɗin nan abin da aka biya a ofishin rajistara kuɗin shiga ne na gwamnati, ba ya zuwa aljihun alƙali. Hasali ma kukan da ma'aikatan kotuna suka daɗe suna yi shi ne ba a sakar wa sashen shari'a kuɗinsa, abin da ya kai su ga rufe kotunan ƙasar nan baki ɗaya daga watan Afrilu zuwa Yuni na 2021.

Masu goyon bayan tsananin dokar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. In aka ce kowa ya shigo kyauta, masu neman fitina za su cika kotu da ƙararrakin ƙarya don su wahalar da abokan gabarsu, kuma mutum zai iya rubuta cewa yana neman diyyar biliyan 10 a kan abin da bai kai dubu 10 ba. Kuɗin yakan sa mutum ya yi tunani kafin ya ɗauko rigima. Kuma in aka bar biya ya zama na ganin dama, wanda ya biya shi aka cuta.

Amma hana shigowa dabam, rushe aikin da aka riga aka gama dabam. Idan kotu ta karɓi takarda, ta yi shekaru tana zama a kanta, ta saurari shaidu, ta yanke hukunci, sa'an nan aka rushe kome don wasu 'yan kuɗi da gwamnati ke bi, gwamnatin ba ta sami kuɗinta ba, ta ma yi hasarar lokacin alƙalinta, wanda ya ci riba kawai shi ne wanda ake bi bashi. Ga alama hanyar da aka bi a shari'ar Akpaji ita ta fi kusa da adalci: a tilasta biya, har da tara in ta kama, a bar hukunci ya tsaya. Kuma da dokokin kotu za su ce wanda ya ga giɓin biya ya faɗa tun a kotun farko ko ya yi shiru har abada, da an rage masu ɓoye makami sai an kayar da su. Tsarin Mulkin 1999 kansa, a sashe na 17, ya sa sauƙin kaiwa ga kotu cikin manufofin da ƙasa za ta kiyaye.

Wasu ƙasashen ma sun yi wannan ja-in-ja. A Ingila, cikin 2013, gwamnati ta sa wa ma'aikatan da ke son kai iyayen gidansu ƙara a kotunan ƙwadago kuɗin da ya kai fam 1,200 a manyan ƙararraki, irin na kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba. Nan da nan yawan ƙararrakin ya faɗi da wajen kashi 70 cikin 100. Ƙungiyar ma'aikata ta UNISON ta kai maganar kotu, a watan Yuli na 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kuɗin haramtacce ne tun da ya toshe wa mutane hanyar neman haƙƙinsu, aka soke shi, gwamnati ta shiga mayar wa waɗanda suka biya.

ƘOFAR DA BA A SANI BA

Saura wanda ba mantuwa ce ta hana shi biya ba, babu ce. Dokokin manyan kotunan ƙasar nan sun daɗe da tanadin wata hanya dominsa. Mutum yana iya rubuta wa alƙali roƙo, haɗe da rantsuwa cewa ba shi da halin biyan kuɗin kotu, ya kuma nuna cewa ƙararsa tana da tushe. Idan alƙali ya gamsu, yana da ikon yafe masa kuɗin duka ko wani sashe, har ma a nema masa lauyan da zai tsaya masa. Sharaɗin dai shi ne a nemi izinin tun kafin a shigar da takarda, a kuma sami umarnin alƙali a rubuce, don shi ne zai tsaya a madadin rasidi in wani ya tayar da magana daga baya. Wanda ya shigar da takarda bai biya ba, sa'an nan ya zo yana kukan talauci bayan an kama shi, ya makara.

Abin mamaki shi ne ƙarancin masu bin wannan hanya. Sunanta ma a littattafan doka da Latin yake, ba a fassara shi an manna a bangon ofishin rajistara da Hausa ko Birom ko Angas ko Tarok ba, kuma ba kowane lauya ne zai yi ɗokin gaya wa mutum hanyar da babu ko kwabo a cikinta ba. Akwai kuma Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976 a zamanin mulkin Soja. Da fari aikinta ya fi karkata ga waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka, amma daga baya doka ta faɗaɗa shi ya haɗa da wasu ƙararrakin da ba na laifi ba, irin na haɗari da na tauye haƙƙin ɗan Adam. Tana da ofisoshi a jihohi, har da na Jihar Filato a cikin garin Jos, kuma ba a biyan kome kafin a saurari koken mutum a can.